Ranar da Na Yi wa Motar Baba Tozo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanina Nura ba. Ko da ma na so in manta, akwai jama'a da dama a Challawa da suka ɗauki nauyin tuna mini, kyauta, duk safiya.

Bari in fara da motar. Da Baba ya rasu (Allah Ya jiƙansa) cikin abin da ya bari akwai wata doguwar farar mota irin ta da, wadda aka haɗa a Kaduna tun kafin a haife ni. Baba ya riƙe motar nan kamar ƙwai. Duk Juma'a da safe shi da kansa yake wanke ta a ƙofar gidanmu na Sharada. Ba a cin gyaɗa a cikinta, ba a buga mata ƙofa, kuma in ka jingina da ita sai ka ji gyaran murya daga zaure. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nuna sha'awarta, sai ni na ce a bar mini. Umma ta dube ni (ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana) ta ce, "To, a riƙe ta yadda mai ita ya riƙe ta." Na ce in sha Allahu.

Shekara biyu ina riƙe da amana lafiya lau. Waya ce ta ɓata ni.

Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfanin roba a Challawa, masu yin bokiti da buta da kujeru. Aikina in karɓi kaya, in ba da kaya, in sa hannu. Ban taɓa riƙe kan walda ba a rayuwata. Amma kullum in an yi sallar azahar an ci abinci, sai in laɓe bayan buhunan roba in buɗe waya in yi ta kallon Turawa suna gyara tsofaffin motoci. A nan na gan shi: bonet mai tudu a tsakiya kamar tozon bijimi, bakin tozon a buɗe yana kallon gilashin gaba. Mai bidiyon ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce in mota na gudu iska takan taru a gindin gilashi, sai ta bi ta bakin tozon ta shiga, inji ya shaƙi iska mai sanyi, ƙarfinsa ya ƙaru. Sunan abin, in ji shi, kawul indokshin. Na yi ta maimaitawa har na haddace. (Ban tsaya na lura ba cewa injin motarsa ya kai girman firij, kuma titin da yake gudu a kai babu tirela ko ɗaya.)

Ranar Lahadi na ja mota sai garejin Malam Ɗanjuma. Tsohon fanel bita ne, yana bayan masana'antun Sharada ƙarƙashin wata darbejiya, kuma tun zamanin Baba shi kaɗai ke taɓa jikin motar. Bayan mun gaisa na gyara tsayuwa.

"Malam, so nake a yi mata kawul indokshin."

Ya ajiye gudumarsa, ya kalle ni ta saman tabarau. "Kawun wa?"

"Kawul indokshin, Malam."

"Kawun Indo?"

Makanikan da ke gefe suka kwashe da dariya, har wani ya fito daga ƙarƙashin mota don ya yi tasa a zaune. Daga ranar motar Baba, wadda ta yi shekara da shekaru ana girmama ta a unguwa, sunanta ya koma Kawun Indo. Labarin har wurin aikinmu ya kai, ban san wa ya kai shi ba.

Na nuna wa Malam bidiyon. Ya kalla sau biyu, sannan ya miƙo mini wayata.

"Aikin ba wuya," in ji shi. "Amma me ta yi maka?"

"Ba ta ja sosai, Malam."

"Shekarunta nawa? Ni ma ai ba na ja sosai."

Da ya ga na kafe sai ya ba ni shawara. Ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa in nemo tsohon bonet irin nata, mu yi wasanmu a kansa, mu ajiye na ainihin. Na je kuwa, sau ɗaya. Na leƙa rumfa uku, rana ta dake ni, na dawo na ce masa an duba ko'ina babu. Gaskiyar magana ita ce bikin Nura saura mako uku, ni kuma na riga na hango kaina ina shiga Panshekara wurin ɗaurin aure, mutane na miƙewa tsaye suna tambayar motar wa ce.

"A yanka wannan ɗin kawai," na ce.

Malam Ɗanjuma ya shafa bonet ɗin da tafin hannunsa, ya daɗe yana shafawa. Can ya ɗauko giranda ya miƙo mini.

"Ni dai hannuna ba zai fara yanka bonet ɗin Alhaji ba. Ungo. Yi yankan farko, ni na ƙarasa."

Na san nufinsa in ji kunya in fasa. Wallahi ni ma a raina na so in fasa. Amma ga makanikai sun zagaye mu suna jiran su ga ƙarshen injiniyan waya. Na karɓa, na kunna, abin ya fizge ni kamar zai tashi da ni sama. Layin da aka ja mini da alli yana nan miƙe, ni kuma yankana ya bi hanyar Zariya. Kafin in kashe na ci wajen taƙi guda a gefe. Dole aka faɗaɗa ramin don ya daidaita, shi ya sa tozon da na so ya zama ɗan madaidaici ya koma kamar an kife baho.

Sauran aikin, a yi wa Malam adalci, da kyau ya fara shi. Ya yanka kwali ya fitar da siffar tozon, muka gwada, ya rage, muka sake gwadawa. Wani abokina da ke aiki a Bompai ya samo mana ragowar fallen ƙarfe. Malam ya ɗora shi kan wani gungume yana bugu da gudumar katako a hankali har ya lanƙwasu. Da aka zo walda sai ya riƙa ɗigawa kaɗan a nan, ya koma can ya ɗiga, ya zauna ya jira ya huce. Ya ce in aka yi a jere zafi zai murɗe bonet ɗin. Ni kuwa gani nake tsufa ne kawai ke sa shi nawa.

Ranar da ya tafi jana'iza a ƙauyensu, na kira wani mai waldar ƙofofi da tagogi da ke maƙwabtaka da garejin. Cikin rabin awa mutumin nan ya zuba walda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya karkaɗe hannu ya tafi. Da ƙarfen ya huce sai ga bonet ya yi igiyar ruwa, hancinsa ya ɗaga sama kamar mai jin wari. Malam ya dawo washegari, ya zagaya shi sau ɗaya, abin da ya ce kawai shi ne, "Allah Ya kyauta."

Foti, ƙullin nan da ake cike lotsawar mota da shi, shi ne ya rufa mana asiri. Aka yi ta shafawa ana gogewa da samfefa, a shafa a goge, gwangwani bayan gwangwani, har bonet ɗin da Baba ke ɗagawa da hannu ɗaya ya koma sai mutum biyu. Buɗewa ma ya zama na mutum biyu: ɗaya ya danne hancin da ƙarfi, ɗaya ya ja wayar buɗe bonet daga ciki. Aka yi feshin farin fenti, ni kuma na sa aka ja baƙin layi a kan tozon. (Wannan ma shawarata ce, kada a ɗora wa kowa.)

Duk wanda ya gani magana ɗaya yake yi: "Ai a juye kuka sa shi. Bakin ba gaba ya kamata ya kalla ba?" Sai in yi murmushi irin na malamin da ya samu jahili, in fara karatu. In kai mutum gindin gilashi, in nuna masa inda iska ke taruwa, in zana masa da yatsa a kan ƙura. Abin da ya ƙara rusa ni ke nan, domin a wannan gaɓar ɗaya ina da gaskiya. Tun da na ga na fi kowa sani a abu guda, sai na ɗauka na fi kowa sani a komai.

Saura abu ɗaya. A bidiyon akwai wani faranti da ake kewaye kafireto da shi, a liƙa soso a bakinsa, yadda in an rufe bonet iskar tozon za ta wuce kai tsaye cikin inji. Malam ya yi mini farantin, amma ya ce soson na musamman ne wanda zafi ba ya ci, shi bai san inda ake sayar da shi ba, in bar shi haka. Na ce to.

Ranar Juma'a da la'asar, ana gobe ɗaurin aure, matata Rukayya na can gidan Umma wurin hidimar biki. Na shiga falo na tsaya ina kallon doguwar kujerarmu. Na zare zif ɗin matashin baya, na ɗauko wuƙar yankan burodi, na yanko soso mai kauri son raina, na mai da zif, na juya matashin ya kalli bango. Na liƙa shi da gam a bakin farantin. Wani gefe ya ɗan zarce yana reto kusa da bututun salansa, daidai inda ya fito daga inji. Na tura shi sama da yatsa, ya tsaya. Na ce shi ke nan, aiki ya kammala.

Wakilin ango shi ne Baffa Isa, ƙanin Baba. Tsohon hedimasta ne, mutum mai tsafta da kiyaye lokaci, wanda in ya ce ƙarfe goma to saura minti biyar za ka ji sallamarsa. An sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya a masallacin ƙofar gidan su amarya a Panshekara. Nura ya riga ya shirya wani abokinsa mai sabuwar mota mai sanyi ya ɗauki Baffa. Ni na je har gidansa a nan Sharada na rushe shirin.

"Baffa, motar ɗan'uwanku ce fa. Da yana raye a cikinta za ku tafi tare."

Na ga idon tsohon ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka yi gaskiya. Allah Ya yi maka albarka." Wannan albarkar har yau tana ci mini rai, domin ni na san ba Baba na tuna ba, bonet nake son a gani.

Asabar da safe ya fito cikin sabuwar babbar riga ta shadda, shuɗiya mai duhu, ta sha aiki, ga hula ga tabarau, ƙamshin turare na tashi. Ya yi turus a bakin zaure.

"Me ya same ta? Kumburi ta yi?"

"Gyara ne, Baffa. Yanzu iska mai sanyi take shaƙa."

Ya kalli tozon, ya kalle ni, ya yi bisimilla ya shiga gaba. A baya kuma maƙwabcinsa ne Malam Hadi, an ɗora masa huhun goro a cinya, katan ɗin alawa a gefe.

Daga Sharada zuwa Panshekara hanya a miƙe take, ko makaho ya san ta. Amma da muka zo mararraba sai na karya kan mota na shiga cikin rukunin masana'antu. Na san wajen goma da rabi ma'aikatanmu kan fito bakin get cin abinci, ranar Asabar ma haka.

"Nan ce hanyar?" in ji Baffa.

"Ta fi sauƙi, Baffa. Can akwai cunkoso."

Ban rufe baki ba muka tarar da wata tirela ta gitta titi. Direban na son shiga kamfanin da ke kusa da namu da baya, ƙafarta ta faɗa kwata, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Motoci suka taru a bayanmu. Inda muka tsaya kuwa daidai ƙofar kamfaninmu ne, kamar da ma'auni aka auna.

Da farko murna na yi. Ma'aikata suka bar kwanukansu suka taso.

"Oga Sito! Kawun Indon ce wannan?"

"Kai, ta yi kyau! Amma ba a juye yake ba?"

Na ɗora gwiwar hannu a taga, na taka totur. Ta yi gurnani. Suka yi ihu. Na sake takawa, na kuma sakewa, na daɗe a kai. Baffa ya duba agogo.

Akwai abin da mai bidiyo bai faɗa ba, ko ya faɗa na tsallake wurin. Duk wancan karatun da nake yi wa mutane na motar da ke gudu ne. In mota na tsaye iska ba shiga take ta bakin tozon ba, fita take. Kuma ƙofar da ke kai iska cikin mota wurin fasinja tana nan ƙarƙashin bakin tozon, a gindin gilashi.

Malam Hadi ne ya fara shinshina. "Wai wa ke ƙona roba ne?"

"Kamfani ne, Malam. Haka unguwar take."

Wannan amsar ta saya mini minti biyu, domin a Challawa ba wanda zai musa ta. Sai ga wani siririn hayaƙi, baƙi-baƙi rawaya-rawaya, ya fito daga bakin tozon yana hawa gilashi a hankali. Kafin in gama yi wa kaina ƙaryar cewa tururi ne, ya fara bulbulowa ta ramukan iska na gaban mota, kai tsaye fuskar Baffa. Ya yi tari, ya kare hanci da hannun riga.

"Kai, ita ce iskar mai sanyin?"

Matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin get ita ta fara ƙwalla ihu. "Gobara! Jama'a, gobara!"

Na kashe mota na kai hannu kan wayar bonet. Na ja, shiru. Tsoro ya mantar da ni cewa sai an danne hanci. Na sa hannu biyu, na tokare ƙafa, na fizga da iyakar ƙarfina. Sai ga mariƙin a hannuna, da guntuwar waya tana lilo. Na fito da shi a hannu ina zagaya mota ina cewa, "Ba komai! Ba komai ba ne! A kwantar da hankali!" Ba wanda ya saurare ni, ni ma ban saurari kaina ba.

A nan Saje ya shigo labarin. Shi ne shugaban masu gadinmu, tsohon soja. Mako biyu kafin nan aka koya musu kashe gobara, tun daga ranar yake zagaya kamfani yana neman abin da zai kashe. Na hango shi ya taho a guje rungume da babbar jar tukunyar nan, wadda ni da hannuna na fitar masa da ita daga sito.

"A ba ni hanya!"

"Saje, tsaya! Akwai mutane a..."

Ya cusa bakin tiyo cikin bakin tozon ya matse. Farar hodar ta shiga da ƙarfi, ta ci karo da farantina da sosona, ta rasa hanya, ta dawo. Rabi ya bi gilashi ya yi sama, rabi ya bi ƙofar iska ya faɗa cikin mota, inda Baffa ke zaune yana fama da ƙofa don gefen rigarsa ya maƙale. Cikin motar ya yi fari fat, ba ka ganin komai. Saje kuwa an koya masa kada ya saki sai tukunya ta ƙare, kuma shi mutum ne mai bin umarni.

Ita ma mai shinkafa ba ta zauna ba. Ta ɗauko bahon da take wanke kwanuka ta watsa ta tagar baya. Malam Hadi da goro da alawa suka sha ruwan kumfa mai manja, har da ƙwayoyin wake.

Direban tirelar ya zo da taya liba, ƙarfen nan na ɓanɓare taya, shi da wasu ƙarti biyu. Ina roƙonsu su danne hancin kawai, su kuwa sun riga sun zura ƙarfe. Na ji ƙarar da har yanzu nake ji a kunnena. Foti ya riƙa ɓallewa yana faɗuwa ƙasa kamar ƙanzo, tozon ya tsage ta gefe, bonet ɗin Baba ya lanƙwashe ya buɗe.

Babu wuta. Ko harshe ɗaya babu. Sosona ne ya saki ya kwanta kan bututun salansa yana narkewa yana hayaƙi. Saje ya sa sanda ya ɗago ragowar sama yadda kowa zai gani, ya jujjuya shi.

"Oga Sito," in ji shi, da muryar fareti, "wannan ai soson kujera ne."

Ban san dariyar mutane da yawa tana da nauyi ba sai ranar. Har direban tirelar, wanda shi ya tare hanya, ya riƙe ciki.

Sai ƙofar gaba ta buɗe, dariyar ta ɗauke. Baffa ya sauko a hankali. Daga hula har takalmi fari ne, gemu fari, gira fari, shaddar nan shuɗiya ta koma kamar buhun fulawa. Ya cire tabarau, sai ga da'ira biyu baƙaƙe kewaye da idanunsa. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya hure gilashin agogonsa ya duba.

"Sha ɗaya saura biyar," ya ce. "Nemo mana adaidaita."

Babu adaidaita a ɓangarenmu, duk suna can bayan tirela. Dole muka taka a ƙafa. Baffa a gaba yana tafiya irin ta hedimasta, duk taku hoda na tashi. Malam Hadi a tsakiya yana ɗiga, rungume da katan ɗin alawa da ya jiƙe. Ni a baya da huhun goro a ka, ruwan wanke-wanke na bin wuyana yana shiga cikin sabuwar shaddata. Ma'aikata suka dare gida biyu muka bi ta tsakiya, wasu na cewa "Sannu Baba," wasu sun ɗaga waya.

Sha ɗaya da rabi ta gota muka isa. Jama'a sun cika tabarmi har titi. Nura ya kira ni a waya ya fi a ƙirga, yana tsaye a gefe fuskarsa kamar zai yi kuka, domin liman ya riga ya ce yana da wani ɗaurin auren a gaba, uban amarya kuma ya fara tambaya ko dangin ango sun sake shawara ne. Muka sauko daga adaidaita. A hanya Baffa ya goge fuska da hankici, abin da ya ƙara dama hodar da gumi. Kowa ya zuba masa ido. Wani dattijo daga dangin amarya ya kasa haƙuri.

"Alhaji, lafiya? Daga injin niƙa kuke?"

Baffa ya tattara rigarsa ya zauna gaban liman, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ya faru. Sannan ya ɗaga murya daidai yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"Ku gafarce mu da jinkiri. Mun biyo ta hannun wani injiniya ne. Ga shi can, mai goro a ka."

Duk wuyan da ke wurin ya juyo. Ni kuma ga ni tsaye, na manta ban sauke huhun ba, ƙwayar wake ɗaya maƙale a kafaɗata. Na buɗe baki in yi sallama, abin da ya fito shi ne, "Iskar ce ta juya." Har yau ban san wa na yi wa wannan bayanin ba.

An ɗaura aure, alhamdu lillahi. An raba goro mai ƙamshin sabulu, mutane suka karɓa don kara. Duk hotunan ranar Baffa na ciki da farar gira, Nura kuma ya ƙi yarda a goge ko ɗaya.

Da la'asar na shiga wurin Umma, na tarar labari ya riga ni. Na durƙusa na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Ba wanda ya ƙone?" Na ce babu. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta ci gaba da ƙulla kayan biki a leda, ba ta ƙara ko kalma ba. Na fi minti goma a durƙushe ina jiran faɗan da bai zo ba, daga ƙarshe na tashi na fita da kaina. Ita kuwa Rukayya sai washegari ta gano nata kason, lokacin da wata gwaggonta ta zo yi mana Allah sanya alheri, ta zauna a doguwar kujera ta jingina, ƙeyarta ta gaisa da katako. Wannan shari'ar daban ce, kuma ban ci ta ba.

Motar tana nan, tana tafiya. An samo mata wani bonet, kore, mara tudu ko kaɗan, na bar shi a korensa.

Bana matar Nura ta haihu a gidan iyayenta a Panshekara, can za a yi suna. Ana gobe suna na je gaida Baffa, muka yi hira sosai, har ya tambayi aiki. Da zan tashi na ce, cikin ladabi, "Baffa, gobe in zo in ɗauke ku?"

Ya dube ni da fara'a. "A'a, na gode. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙafa."

Daga Sharada zuwa Panshekara fa.

Abin da na koya bai da yawa. Na so duk kamfani su kalle ni, na so duk taron biki su kalle ni, kuma ba abin da aka rage mini, kowa ya kalla har da waɗanda ban gayyata ba. Don haka yanzu in na ji zuciyata na roƙon a kalle ni, nakan tsaya in yi mata tambaya ɗaya tukuna: a wane hali?